Yadda Ake Riƙon Tsohon 070

Injin tsaga katakon da ke ɗakin ajiyarmu ya girme ni. Stihl 070 ne, ƙirar Jamus, na Kawu, wanda ya yi shekaru yana tsaga maɗaci da kawo da shi a dazukan Taraba kafin ciwon baya ya zaunar da shi. A 1968 kamfanin ya fito da wannan samfuri, kuma har gobe masu tsaga katako a daji, daga Najeriya zuwa Ghana da Kamaru, shi suke nema, ko kwaikwayonsa na Sin idan aljihu bai kai ba. Ga nauyi, ga shan mai, ga girgizar da ke kashe hannu. Amma cc 106 gare shi, kuma ba ya gaggawa: zai ja sarƙa a kan ƙarfe mai inci 36 tun hantsi har la'asar bai gaji ba.

Hidimar kullum ba ta buƙatar dogon bayani. A kakkaɓe matatar iska, a wasa haƙoran sarƙa da zagayayyen magagari na milimita 5.5, a riƙa juya ƙarfen don ya ci daidai. Haɗin mai kuwa, Kawu bai taɓa sauya shi ba: lita 1 ta man 2T a jarkar fetur mai lita 25. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda kowa ke ɗura wa sarƙa don araha, shi ke toshe famfon mai, amma wa zai ji?

Idan inji ya fara rauni, kafin ka sayi komai, kwance salansa ka leƙa ta ramin hayaƙi. Idan jikin fistan sumul yake, ka gode wa Allah. Idan ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa kamar an karce shi da ƙusa, to sai kasuwa.

A kasuwar ake cin mutum. Kayan 070 na asali suna ɗauke da lamba mai alƙalumma 11 da ke farawa da 1106, lambar da yake tarayya a kanta da babban wansa 090. Sai dai masu jabu su ma sun iya buga lamba, har kwali da tambari. Don haka da hannu da ido za ka yi aiki. Faɗin fistan ɗinsa milimita 58 ne. Cikin buloki na asali santsi gare shi, bakin ramukansa a goge. Na jabu za ka ji kaifi idan ka zura yatsa, kuma wannan kaifin ne ke kama ringi ya karya shi. Wani bulokin asalin za ka ga sunan Mahle a jikinsa. Ba a fafe bulokin nan yadda ake yi wa na babur, domin shafe ne siriri a cikinsa, in ya ɓare ya tafi ke nan. Ni dai na fi yarda da gawar inji. Na taɓa sayen wani 070 da bishiya ta faɗa wa, jikinsa a farfashe, na ciro buloki da kafireto da kwayil da suka fi sababbin da aka nuna mini a kasuwar Ƙofar Ruwa. Tsofaffin bakanikai sun san wannan, shi ya sa ba sa yar da ko ƙusa.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne saitin kafireto. Tillotson ne, mai 'yar fata a ciki da ke bushewa idan fetur ya kwana wata da watanni, saboda haka a fara sauya ta. Sukurori biyu ne, L da H. Ka ɗaure kowanne a hankali har ya taɓa ƙasa, kar ka matse, sannan ka warware shi kamar zagaye ɗaya. Ka tayar, ka bar shi ya yi ɗumi. L ke kula da shi yana tsaye da lokacin da ka fara ba shi wuta: in ya shaƙe kafin ya ɗauka, buɗe kaɗan. H ke riƙe da ran injin. Idan ka rage shi, inji zai yi kuka siriri mai daɗin ji, sarƙa ta yi gudu, yaro ya ɗauka ya iya aiki. Ya manta cewa man da ke shafe fistan a cikin fetur ɗin yake tafiya. Ka rage fetur, ka rage mai, kuma tsaga gungume a tsawonsa wuta ce ba sassauci. Kafin a gama katako biyu fistan ya like. Saitin ƙwarai shi ne ka ji yana ɗan gurnani a iska, da ya shiga itace muryar ta washe. Bayan aiki ka ciro fulogi: ruwan ƙasa lafiya, fari fat hatsari.

Akwai kuma 'yar farantin da iskar fanka ke turawa ta rufe cok idan gudu ya yi yawa. Samari kan cire ta don inji ya ƙara gudu. Kawu ya kori yaro a kan haka. Idan kuma ka kwantar da injin a gefe ka ji gudunsa ya sauya, bar sukurorin nan su huta: robar da ke toshe bakin kiranshaf ce ta mutu, iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Ranar da na gama haɗa injin Kawu na tayar a tsakar gida, Kawu na kishingiɗe a zaure, ko leƙowa bai yi ba. Ya saurara kamar minti guda, sannan ya ɗaga murya: "Kai, yunwa yake ji. Buɗe masa H kaɗan." Na buɗe, na ɗora shi a kan kututturen dalbejiya.