Kifin Koto: San Sunansa Kafin Ka Soka Shi a Ƙugiya

Darasinmu na yau a kan ƙananan kifaye ne, waɗanda masunta ke sokawa a ƙugiya domin su kama manya. Irin wannan kifi shi ake kira koto. Mutane sun raina shi saboda ƙanƙantarsa, alhali arzikin tafki a kansa yake.

Tafkin Madarumfa yana kudu da birnin Maraɗi. Gulbin Gabi ne ke kawo masa ruwa da damina, da rani kuma ya janye. A cikinsa ake kamun tarwaɗa da karfasa da gaiwa da giwan ruwa. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin ruwaye masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Gidaje da yawa da shi suke ci, da shi suke sutura. Saboda haka duk abin da ya taɓa kifinsa ya taɓa tukunyarmu.

Wani kifi na ƙasar Amurka

A gabashin Amurka da Kanada akwai wani ɗan kifi da mutanen can ke kira golden shiner, wato mai ƙyallin zinariya. Tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba, santimita 8 zuwa 12. Yana ƙarami fari ne kamar azurfa. In ya manyanta sai jikinsa ya koma ruwan zinariya. Yana cin ƙwari da gansakuka, yana zuba ƙwansa a jikin ciyawar ruwa.

Wani masani mai suna Samuel Mitchill ne ya rubuta bayaninsa a shekarar 1814. Sunan da masana suka san shi da shi a duk duniya shi ne Notemigonus crysoleucas. Kalmomin daga harshen Girkanci suke. Ta farko tana nufin mai gadon baya mai kusurwa, ta biyu tana nufin zinariya da fari. Ashe sunan kwatancin kifin ne. Mu ma haka iyayenmu suka yi. Da suka ga wani kifi ya fi saura girma, sai suka ce giwan ruwa.

Wannan kifi babu shi a tafkinmu, amma labarinsa yana da darasi biyu. Na farko, a jihar Arkansas manoma suna haƙa kududdufai suna kiwonsa musamman domin sayar wa masu fatsa. Ta haka ba su taɓa ƴaƴan manyan kifaye. Na biyu, wasu masu fatsa sun riƙa juye ragowar kotonsu a ruwa in sun tashi. Da haka kifin ya bazu a ruwayen yammacin Amurka inda ba a san shi ba a da, ya shiga gasar abinci da kifayen wurin.

Ƙaramin kifi iri biyu ne

Akwai kifin da halittarsa ce ƙarama, kamar kawara da ake samu a gulaben ƙasar Hausa. Ko ta shekara nawa ba za ta yi girman tarwaɗa ba. Akwai kuma ɗan babban kifi wanda bai riga ya girma ba. Ɗan karfasa da ɗan tarwaɗa da ɗan giwan ruwa duk ƙanana ne a watanninsu na farko. Wanda bai san sunayensu ba sai ya haɗa su duka ya ce koto ne.

A nan asarar take. Karfasa takan riƙe ƙwanta da ƴaƴanta cikin bakinta har su yi ƙwari. Tarwaɗa kuwa da damina take hayayyafa cikin ciyawar da ruwa ya malale. Wanda ya kwashe waɗannan ƴaƴa, daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi fura. Ya ƙoshi yau, baɗi kuwa babu girbi.

Hatsarin baƙon kifi

Abin da ya faru a Amurka ya faru a Afirka, har ma ya fi muni. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Da ya yi yawa a shekarun 1980, ire-iren ƙananan kifaye masu yawa na tafkin suka ɓace. Kifin da ke da amfani a wani ruwa yana iya zama annoba a wani.

Amfaninsa ga lafiya

Ƙaramin kifi na halitta abinci ne mai gina jiki. Ana cinsa duka, da kai da ƙaya. Ƙayar tana ƙarfafa ƙashi da haƙora, naman kuma yana taimakon jini. A wanke shi, a shanya shi a kan raga nesa da ƙasa da ƙuda, a daka shi lukui, a zuba a miya ko a kunun yaron da ya cika wata 6. Mai ciki da mai goyo su ma yana yi musu amfani.

Abin da ya kamata mu kiyaye

1. Duba kifi da kyau kafin ka yi koto da shi. In ɗan karfasa ne ko ɗan tarwaɗa, mai da shi ruwa da ransa.
2. Yi amfani da tana ko fara ko gara a inda za su wadatar.
3. Kada ka yi su da sange. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin ko ƙwai. An raba sange ne domin kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro.
4. Kada ka yi su da guba ko maganin ƙwari. Yana kashe babba da ƙarami, yana cutar da wanda ya ci.
5. Kada ka zuba kifin wani ruwa a tafki sai da shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji.
6. Tambayi sarkin ruwa da dattawan masunta sunan kowane kifi, ka rubuta shi, ka koya wa ƴaƴanka.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar sunan golden shiner?
2. Mene ne bambancin kawara da ɗan tarwaɗa?
3. Don me aka hana su da sange?
4. Rubuta sunayen kifaye biyar da ka sani a tafkin Madarumfa.