Yadda A Ke Shirya Wa Yara Wasan Ƙwaƙwalwa Da Hatimi

Duk wanda ya yi karatun allo ya san hatimi mai gida tara, wanda a kan zuba wa lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina ka tara uku, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ka sami 15. Ilmin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu, gama Malam Muhammadu Bakatsine ya wallafa littafi a kansa da Larabci a 1732, ya rasu a Masar a 1741. Mu dai lissafinsa kaɗai mu ke nufi a nan.

Yara ba su son lambobi tsirara, saboda haka mu kan sa musu riga. Mu ce wani Bafillace ke da shanu 45 da shinge tara, uku-uku a jere. Ba shingen da ya bari wofi, ba kuwa biyun da yawan shanunsu ya zo ɗaya, kowane jeri kuma 15 ne. Nan da nan sai ka ga aji ya ɗauka.

Wuyar aikin sai an zo ƙara doka. Ran nan, sa'ad da mu ke koyon koyarwa, muka ce shingen da ke da saniya guda lalle ya zama a kusurwa, don kusa da bukkar makiyayi. Yara suka yi ta shafe allo har aka tashi, ba wanda ya samu. Muka kusa ce musu malalata, ashe laifin namu ne. Ku duba: gidan kusurwa jeri uku ke ratsa shi, amma 1 ba ta cika 15 sai da 9 da 5, ko da 8 da 6. Hanya biyu ke nan, ina ta uku? Mun ba su abin da ba shi da amsa ko kaɗan, don ba mu zauna mun warware shi da kanmu ba tukuna.

Akwai kuma kishiyar wannan, watau amsa ta yi yawa. Hatimin nan ya na zama iri takwas in an juya shi. In ka ce wa yaro 5 ce a tsakiya, ba ka gaya masa kome ba, dā ma can ba ta da wani mazauni. In ka ba shi 1 da 9, saura amsa biyu, sai gardama ta tashi. Amma ka sa 8 a kusurwa, 1 kusa da ita, amsa ɗaya tak ta rage. Haka ma Sudoku, mai gida 81: a 2012 masana suka tabbatar ba ya tsayawa kan amsa guda in lambobin da aka bayar sun kasa 17.

To, ga na gwaji. Shanu sun zama 90, daga 2 zuwa 18, ana tsallake mara. Akwai 16 a kusurwar sama ta hagun, 2 a damanta. Ku fara gano abin da kowane jeri zai tara, kāna ku cika sauran.