Yadda Ma'aikaci Ke Ci Gaba a Wurin Aiki: Misalin Malam Abubakar Imam

Da yawa daga cikin samarin da su ka kama aikin ofis ko na koyarwa su na zaton ci gaba a hannun shekaru ya ke, watau in mutum ya daɗe bisa kujerarsa ba a kama shi da laifi ba, lalle girma zai zo ya same shi. Akwai ƙamshin gaskiya cikin wannan zato, gama ƙarin albashi na shekara-shekara haka ya ke zuwa. Amma a ɗauke mutum daga ƙaramin matsayi a danƙa masa babban aiki, wannan kuwa sai an ga wani abu gare shi wanda ba a gani ga abokan aikinsa ba. Tarihin Malam Abubakar Imam ya isa misali.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1927, ya fita cikin 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Cikin 1933 sai Dokta East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya nemi malamai su rubuta littattafan hira da Hausa, aka sa gasa. Rubuta littafi ba ya cikin aikin da a ke biyan malamin makaranta albashi dominsa, da Malam Abubakar ya ƙyale ba mai zarginsa. Duk da haka ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi cikin 1934. Cikin waɗanda su ka shiga gasar nan har da wani malamin Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai littafin Shaihu Umar, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cancanta ma'aikaci ya tsaya ya duba. Da East ya ga hannunsa, sai ya roƙi a ba shi aron malamin nan, ya zo Zariya cikin 1936, ya yi wata 6. Aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya riƙa sāke musu kama su zama na Hausa. Ya kan rubuta, East ya duba, su zauna su yi gyara, a soke wannan, a sāke wancan. Ga shi kuwa a fagen Hausa ba East ne zai koya masa kome ba. Amma tsarin littafi da yadda a ke shirya shi domin ɗab'i, wannan sana'ar East ce, Malam Abubakar kuwa ya sa kai ya koye ta. Daga zaman nan aka sami Magana Jari Ce, littafi 3.

A nan ne ƙananan ma'aikata da yawa su ke faɗuwa. Akawu ya tsara wasiƙa, babban akawu ya bi ta da jan alƙalami, sai yaro ya ɓata rai, ya ce ƙiyayya ce, ya sāke bugawa ya jefa ta farin cikin kwandon shara. Gobe kuma ya maimaita kuskuren jiya. Da zai ajiye takardun nan da aka gyara masa cikin fayil guda, ya riƙa duba su in an tashi aiki, kafin wata 3 zai ga kurakuransa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ne dai su ke ta komowa. In bai gane dalilin wani gyara ba, ya nemi lokacin da babban ba ya cikin hidima ya tambaye shi da ladabi. Babba ba safai ya ke ƙin mai tambaya ba, wanda ya ke gajiya da shi shi ne mai cewa "to" alhali bai fahimta ba. Su ma manyan da nasu laifi wani lokaci, don akwai mai soke aikin yaro da tsawa gaban jama'a bai nuna masa daidai ba, irin wannan gyara kuwa tsoro kaɗai ya ke koyarwa.

Sa'ad da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939, ba a sha wahalar neman editan Hausa ba, an riga an san wanda aka gwada. Malam Abubakar ya bar alli ya kama aikin jarida, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙe shi shekara 12. Cikin 1943 ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo ya rubuta labarin tafiyar, ya kira shi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Cikin 1955 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, inda a ke duba takardun masu neman aikin Gwamnati da na masu jiran ƙarin girma. Ya rasu a Zariya cikin 1981.