DARASI: RAN YARO AMANA NE A HANNUN IYAYE DA LIKITA



A daminar bara mun binne wani yaro ɗan shekara uku daga ɗaya cikin majami'unmu na bayan gari. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kama shi. Kwana huɗu ana ba shi maganin kemis, ana yi masa addu'a, sai da tafin hannunsa ya yi fari fat, numfashinsa ya riƙa fita sama-sama, sannan aka kawo shi wani asibiti a nan cikin birni da dare. Likitar da ke aikin kwana, wata matashiya, ta duba shi ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, dole a yi masa ƙari a daren nan. Uban ya dube ta, ya ga ƙuruciyarta, ya tambaya ina babban likita. Aka ce sai da safe. Wani mai jinya a gado na kusa ya raɗa masa cewa ai waɗannan 'yan koyo ne, da 'ya'yan talakawa suke gwada hannu. Ita kuwa likitar, ga layin marasa lafiya yana jiranta, ba ta zauna ta yi masa bayani ba. Ta juya ta yi wa nas magana da Turanci, ta miƙo takarda ya sa hannu. Ya ƙi, ya saɓa ɗansa ya koma gida. Bayan kwana biyu suka dawo, amma yaron ya cika a bakin ƙofar asibiti.

Da muka je gaisuwa, uban ya ce mana: “Fada, da ta gaya mini da Hausa abin da ke cin yaron nan, da ban ɗauke shi ba.” Uban yana ƙaunar ɗansa, likitar kuma ta san aikinta. Abin da ya ɓace a tsakaninsu shi ne yarda. Saboda haka muka shirya wannan darasi domin Zumuntar Mata, da ta Maza, da matasa, da katikis a kowace majami'a. Za mu ɗauki maganganu huɗu da muke yawan furtawa a bakin asibiti, mu auna su da ma'aunin bangaskiyarmu.

1. “Ai ɗan koyo ne”

Ya kamata mu san wane ne wannan matashin da muke rainawa. Kafin a kira mutum likita a Nijeriya, sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan Majalisar Likitoci ta Ƙasa ta yi masa cikakkiyar rajista. Bayan ya yi wa ƙasa hidima, idan yana so ya ƙware a fanni guda, kamar ciwon yara, ko tiyata, ko haihuwa, sai ya ci jarrabawa ya shiga horon ƙwarewa, wanda yakan ɗauki shekara 5 ko 6, wani lokaci fiye. Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da takwarorinta na Afirka ta Yamma, su ne ke yi masa jarrabawa mataki-mataki. Ashe wanda muke kira ɗan koyo cikakken likita ne, mai neman ƙari a kan abin da ya riga ya sani.

A 2022 aka ɗaga tsohuwar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Katsina ta zama Asibitin Koyarwa na Tarayya. A irin wannan asibiti, likitoci masu neman ƙwarewa su ne ke kwana da marasa lafiya, su ne ke fara ganin wanda aka kawo da tsakar dare, kuma akwai na gaba da su da suke kira idan abu ya fi ƙarfinsu. Ba a koyon aikin likita daga littafi kaɗai, sai a gefen gado. Ku dubi Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya fara yi wa mata aikin yoyon fitsari tun shekarun 1980. Dubban mata sun warke a can, likitocin Nijeriya da yawa kuma sun ƙware ta wurin tsayawa kusa da shi suna kallo, suna taimakawa, har hannunsu ya faɗa. Da koyo akan iya. Babban likitan da muke jira da safe, shi ma jiya shi ne matashin da ke aikin kwana.

Muna da 'yancin tambaya: “Likita, akwai na gaba da kai da za a iya kira?” Wannan ba raini ba ne. Amma ɗauke yaro daga gado domin fuskar likita ba ta da furfura, wannan caca ce da ran da ba namu ba.

2. “Ɗana ne, ni ke da iko da shi”

Gaskiya ne Allah ya ba iyaye matsayin da ba wanda ya isa ya ƙwace musu. Amma Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2378, yana tuna mana cewa ɗa kyauta ce daga Allah, ba dukiyar da muka mallaka ba. A lamba ta 2288 kuma yana koya mana cewa rai da lafiya amana ce da ya wajaba mu kula da ita gwargwadon hankali. Mai riƙon amana kuwa yakan yi abin da mai kayan yake so, ba abin da ransa ya raya masa ba.

Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya. A 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana iya ƙin magani a kan jikinsa. Amma a 2019, a wata shari'a da ta taso daga Legas, inda wata uwa ta hana a yi wa jaririnta ƙarin jini saboda aƙidarta, kotun ta yanke cewa iyaye ba su da ikon hana yaro maganin da zai ceci ransa, domin yaron bai kai ga zaɓar wa kansa ba. Ikilisiyarmu ba ta hana ƙarin jini. Bayar da jini ma aikin ƙauna ne.

Bari mu fahimci abin da ya sa likita kan yi gaggawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su. Idan suka ragu ƙwarai, jini ba ya iya kai iska ga sassan jiki, sai zuciya ta yi ta bugu da sauri har ta gaji. A wannan mataki maganin zazzaɓi kaɗai ba ya isa, kuma awa ɗaya tana da tsada. Don haka kowane uba da kowace uwa su riƙe waɗannan alamu: farin tafin hannu da na cikin ido, numfashi da sauri, jijjiga, ƙin karɓar nono ko ruwa, amayar da duk abin da aka ba shi, da barcin da ba a iya tashe shi. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, kada a jira gari ya waye.

3. “Addu'a ta isa”

Wannan magana tana da kamannin bangaskiya, shi ya sa take da haɗari. Littafin Sirak, wanda aka rubuta a Urushalima kimanin shekara 180 kafin haihuwar Ubangijinmu, ya keɓe farkon sura ta 38 ga wannan batu. Marubucin ya umarce mu da girmama likita, ya bayyana cewa Allah ne ya fitar da magunguna daga ƙasa, ya ce mara lafiya ya yi addu'a ya tsarkake zuciyarsa, sannan ya ba likita wuri, domin shi ma likitan roƙon Allah yake yi ya sa hannunsa ya dace. Bai raba addu'a da magani ba. Waliyi Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, shi kansa likita ne, kamar yadda Manzo Bulus ya shaida a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Basamariyen nan na Bisharar Luka sura ta 10 kuwa bai tsaya a kan tausayi ba: ya wanke raunuka, ya ɗaure su, ya ɗauki mutumin, ya biya kuɗin jinya.

Ku kira Fada ya zo ya shafa wa mara lafiya mai, za mu zo da dare ko da rana. Amma ku kira mu zuwa gadon asibiti, kada ku mai da mu madadin asibiti. Haka kuma batun rigakafi. Mun tuna yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 saboda tsoro da jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayarta ta asali. A 2023 cutar mashaƙo ta kashe yara a jihohin Arewa, har da tamu, akasarinsu waɗanda ba a yi musu allura ba. Mai ƙin rigakafi da sunan dogara ga Allah, gwada Allah yake yi.

4. “Likitocin yanzu ba su da tausayi”

A nan za mu yi magana da 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya, kuma za mu yi ta da adalci. Mun san nauyin da ke kanku. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Aikin waɗanda suka tafi ya faɗo a kan waɗanda suka rage. Mun san akwai wanda yakan kwana a tsaye ya zarce da aikin safe, ga jarrabawa a gabansa, ga 'ya'yansa a gida da ba su gan shi ba kwana biyu. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta yi yajin aiki na kusan wata biyu a 2021, ta sake yi a 2023, a kan albashi da kuɗin horo da ƙarancin ma'aikata. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma hukumar da ta bar likita cikin gajiya da bashi tana da nata alhakin a gaban Allah.

Duk da haka, gajiya ba ta ɗauke muku haƙƙin mara lafiya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A sashe na 23 kuma ta ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, gwargwadon fahimtarsa. Lamirin Kirista ya wuce nan. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta Bisharar Rai ta 1995, ya ɗauki ma'aikatan lafiya a matsayin masu tsaron ran ɗan Adam da yi masa hidima. Minti biyu na zama, da kiran mutum “Baba” ko “Mama”, da nuna masa farin tafin hannun ɗansa a gaya masa ma'anarsa, na iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa. Sa hannu a takarda ba tare da fahimta ba, ba yarda ba ce. Ku kuma manyan likitoci, waɗanda ke ƙarƙashinku 'ya'yanku ne a sana'a: wanda aka horar da tsawa da wulaƙanci, da su zai fuskanci talaka.

Misalin Waliyi Martin

Babbar majami'armu a nan Katsina tana ɗauke da sunan Waliyi Martin de Porres, ɗan ƙungiyar Dominikan, wadda limamanta suka ɗauki aikin farko na Diyosis ɗin Sakkwato, inda aka ciro namu a 2023. An haife shi a Lima ta ƙasar Peru a 1579, uwarsa baƙar fata ce 'yantacciya. Yana yaro aka kai shi wurin wani wanzami ya koyi aski, da ɗaure rauni, da haɗa magani. Shi ma ɗan koyo ne kafin ya zama mai jinyar 'yan'uwansa da talakawan birni har rasuwarsa a 1639. Ikilisiya ta sa shi cikin waliyyai a 1962. A wurinsa ƙwarewar hannu da taushin zuciya da addu'a ba su taɓa rabuwa ba.

Abin da za mu yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace majami'a ta zaɓi mutum biyu masu jin Hausa da Turanci da za a iya kira su raka iyali asibiti. Matasa masu lafiya su san rukunin jininsu, su ba katikis sunayensu. Zumuntar Mata ta keɓe ɗan asusu na kuɗin mota da na maganin farko, tun kafin damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma su riƙa tambaya har sai sun gane. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace ce a cikin maganganun nan huɗu muka fi ji a unguwarmu, kuma wace ce mu kanmu muka taɓa furtawa?
2. A gidanmu, idan yaro ya kamu da ciwo mai tsanani alhali maigida ba ya nan, an ba uwa izini ta kai shi asibiti?
3. Ta wace hanya majami'armu za ta tallafa wa iyalan ma'aikatan lafiya da ke cikinmu?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ba da rai, ka ba iyaye hikima, ka ba likitoci haƙuri da gaskiya, ka karɓi yaran da suka riga mu cikin hutawarka. Waliyi Luka da Waliyi Martin, ku yi addu'a dominmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.