Lardin Bakin Kogi a Ƙasar Faransa

Yau za mu leƙa wani lardi a kudancin Faransa, a gaɓar Bahar Rum. Sunansa Bush-du-Ron, watau bakunan Kogin Ron. A nan ne kogin ya ke rabuwa biyu kafin ya faɗa teku. Tsakanin rassan biyu akwai fadama mai faɗi da a ke kira Kamarg. A kan noma shinkafa a can, a haƙi gishiri, a yi kiwon fararen dawaki da baƙaƙen bijimai.

Babban birnin lardin shi ne Marsai. Mutanen Girka ne suka kafa shi, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Tashar jiragen ruwa ce babba. A dā jirage su kan kawo mata gyaɗa daga Afirka ta Yamma, a matse mai, a yi sabulu.

Lardin kansa kuwa yaro ne a kan birnin. A 1790 Faransawa suka soke tsofaffin lardunan sarauta, suka yanka ƙasar kashi 83. Nufinsu shi ne mutum ya hau doki daga ƙauyensu ya isa babban gari a yini guda. Wanda ya taɓa kwana a hanya domin kai ƙara ya san amfanin wannan.

To, wa ke mulkin lardin? A nan ne gardama ta ke. A 1800 Nafoliyon ya naɗa wa kowane lardi jami'i guda, ana ce masa perefe. Daga Paris a ke turo shi, kamar razdan na zamanin Turawa. Jama'a ba su zaɓe shi ba, ba su kuma iya tuɓe shi. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru.

Sai a 1982 aka yi doka, aka mai da kasafin kuɗi da ayyukan lardi hannun shugaban majalisar da jama'a suka zaɓa. Ministan da ya kawo dokar Gaston Defer ne, magajin garin Marsai. Shi ne kuma ya kawo dokar 1956 wadda ta ba Nijar da 'yan'uwanta gwamnatocin cikin gida.

Yanzu majalisar lardin tana da wakilai 58. Kowace gunduma ta kan zaɓi biyu, namiji da mace. Su ke lura da hanyoyi, da ginin makarantun midil, da taimakon tsofaffi da gajiyayyu. Perefe yana nan har yau, amma tsaro da kiyaye doka ne babban aikinsa.