Abincin Rumbu da Abincin Leda: Jan Hankali ga Magidanta da Iyaye Mata

Masana harkar abinci sukan kasa abin da ɗan Adam ke ci bisa yawan sarrafawar da aka yi masa kafin ya iso baki, kuma rabon da ya fi shahara shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Brazil suka fara gabatarwa a 2009, wanda daga baya aka san shi da suna NOVA. A farkon wannan rabo akwai abincin da ke nan kamar yadda ya fito daga gona ko garke, wanda bai wuce a sheƙe shi, a wanke, a shanya, a niƙa ko a dafa ba, irin su gero, dawa, acca, wake, gyaɗa, ƙwai, nono da ganyaye. A ƙarshensa kuwa akwai abincin masana'anta, wato wanda aka harhaɗa daga farar fulawa da sukari da mai da gishiri, aka ƙara masa launi da ƙamshi da sinadaran hana lalacewa, kamar biskit, alawa, taliyar leda da lemon kwalba.

Illar wannan kashi na ƙarshe tana fitowa fili idan aka auna shi da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma kada sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu, abin da ya yi daidai da giram 50 ga matsakaicin mutum. Kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 35 takan ƙunshi sukari kimanin giram 35, ke nan yaron da ya sha ta a tara ya cinye mafi yawan rabon babba na yini guda tun rana ba ta take tsaka ba. Haka nan ɗunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, sau da yawa akan marmasa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, sannan a bi da wani gishirin. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, yawan sukari yana jawo ruɓewar haƙori da ƙiba, ita kuma ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon suga. Ganin haka yana cikin dalilan da suka sa Dokar Kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Abin da ya kamata magidanci ya gane shi ne, maganin wannan matsala yana cikin rumbunsa da lambunsa, kuma kuskure ne babba a ɗauki tuwo da miyar kuka a matsayin abincin talauci. Hatsi da wake suna cike giɓin juna wajen sinadarin gina jiki, domin abin da gero ya gaza a kai wake yana da shi, shi ya sa dawa da wake, ko tuwo da miyar wake, suke riƙe ciki su kuma gina tsoka. Zogale, rama da alayyahu suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda jiki ya fi zuƙa idan an haɗa ganyen da tumatir ko lemon tsami, kamar yadda ake yi a kwaɗo. Daddawar kalwa tana ba miya ɗanɗanon da ke rage buƙatar ɗunƙule. Sai dai a lura cewa surfe mai tsanani yana zubar da dusa, alhali a cikinta ne harza take, wato zaren da ke sauƙaƙa bayan gida ya kuma hana sukari hauhawa a jini farat ɗaya.

Ba a musun cewa abincin leda ya samu shiga ne saboda tsadar itace da gawayi da gas, da kuma ƙarancin lokacin uwar gida mai sana'a ko aikin ofis, don haka gyaran yana buƙatar dabara. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dahuwa, kuma ana iya soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa su tare, a adana garin a mazubi mai murfi, ta yadda kunun safe ba zai ɗauki fiye da 'yan mintuna ba. Wajibi ne a tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, domin suna iya ɗaukar gubar da ke lahanta hanta. Zoɓo da kunun zaƙin da aka cika wa sukari su ma sun bi sahun lemon kwalba, ko da a gida aka dafa su.

Hattara mafi girma tana wajen yara, domin harshe yana sabawa da abin da aka fara ɗanɗana masa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata 6, daga nan a haɗa masa da kunu mai kauri marar sukari. Ɗan makaranta kuwa, maimakon a miƙa masa kuɗin tara ya sayi alawa a bakin ƙofa, ya fi dacewa a ɗaure masa dafaffen ƙwai, ko ɗanwake, ko gyaɗa da dabino, tare da gorar ruwa mai tsabta.