Toka ba ta cike ramin ƙofar gida

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Birnin Kudu da Gwaram, ƙofofin gidaje kan yi fari fat da toka. An kwashe murhu, mai shayi ya juye kurfoti, mai tsire ya share tukuba, duk an zube a ramin da tayar mota ko ta babur ta haƙa. Mu masu aikin hanyoyin karkara mun san ƙarshen wannan ciko, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke ɗaukar nauyin taya shi ne ƙwayoyi masu girma dabam-dabam da suka ciji juna: tsakuwa, yashi, da ɗan yumɓu mai riƙe su. Burji ke nan. Ita kuwa tokar itace da ta gawayi gari ce mai laushi, kuma wani kaso nata narkewa yake yi a ruwa, shi ya sa ma ake tace ta a sami ruwan tokar miya ko na sabulun salo. Abin da ya narke a ƙwaryar tata zai narke a ƙofar gida. Ragowar ta zama santsi, ruwa na gaba ya kwashe ta zuwa kwata, kwatar ta toshe, ruwan ya dawo ya kwanta a gindin katangar ƙasa.

Masu ƙin wannan magana sukan ce ai a Amurka da Ingila ana zuba toka a hanya. Gaskiya ne, amma galibi ba irin tamu ba, kuma ba don irin matsalarmu ba. Yawanci tasu ta kwal ce, ma'adinin da ake haƙowa daga ƙasa irin na Inugu. A da mai gida a can yakan watsa ɓurɓushinta mai kaushi a kan ƙanƙara don kada taya ta zame. Wadda injiniyoyi ke sa wa a titi kuwa daga tashoshin lantarki take fitowa, tana da sinadarin silika mai yawa, kuma yawanci sai an auna ta an haɗa da siminti ko farar ƙasa kafin ta yi ƙarfi. Ko a can ɗin ana ɗari-ɗari da ita saboda gubar dalma da asanik da ke cikinta, musamman tun bayan ɓallewar madatsar toka ta Kingston a jihar Tennessee a 2008. Wasu kuma su ce magina na da sun yi aiki da toka. Sun yi, amma laso haɗi ne na katsin marina da aka ƙona, da gashin jima, da dafara. Daɓe kuwa tsakuwa ne da aka daka da madaɓi aka shayar da makuba. Babu wanda ya dogara da tokar murhu zalla.

Na yarda toka tana tsotse caɓi na yini guda, sai dai kuɗin wannan yinin ya yi yawa. Garwashin gawayi yakan kwana da rai a cikin toka, yara kuma ba takalmi suke fita. Jiƙaƙƙiyar toka tana da kaifin da ke cin fata, balle ƙafa mai faso. In an ƙona katakon rufi ko leda a murhun, ƙusa da dattinsu suna ciki. Hunturu na zuwa, abin da ya rage ya tashi ya shiga ido da ƙirjin mai asma.

Tokar itace tsantsa tana da fotash da kalsiyam, don haka gona ce ta fi buƙatarta: a watsa ta sama-sama, kada a gauraya ta da takin yuriya, domin tana sa ƙarfinsa ya tsere cikin iska. Tana kuma rage wari da ƙuda a masai. Ramin ƙofar gida kuwa, a fara kwashe taɓon har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba burji kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa, a ɗaga tsakiya ya ɗara gefe, a buɗe wa ruwa hanya zuwa kwata. A yi aikin tun da bazara, kafin ruwan Yuni ya sauka.